Yashi ya binne mana gona, ku ma haka ne a wajenku?

Ɗan Fadama, Hadejia: Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina so in ji daga bakin masu zama kusa da kogi. Mu nan tun ambaliyar 2022 gonar shinkafarmu ba ta koma daidai ba, da ruwa ya janye sai muka tarar yashi ya binne kusan rabinta, na tona da fartanya har gwiwar hannu kafin in ga baƙar ƙasa. Ga kachala, wata doguwar ciyawa mai fitowa cikin ruwa, ta toshe hanyoyin ruwa, laka na taruwa a gindinta, kogin ya cike sai ruwan ya riƙa bi ta gonaki. Dattawanmu sun ce kafin a gina dam ɗin Tiga a 1974 ruwan damina da ƙarfinsa yake zuwa ya share hanya da kansa, da rani kuma ta bushe ƙayau, kachala ba ta samun wurin zama.

Maman Biyu, Gombe: Wa alaikumus salam, Allah ya mayar da alheri malam. Ai wannan yashin daga irin wurarenmu na tudu yake tasowa. Kwarin bayan gidanmu muna yara tsallake shi muke yi in za mu makaranta, yanzu wallahi ya cinye bishiyar mangwaro da katangar maƙwabcinmu, in hadari ya haɗo da dare bana iya barci. Kuma ruwan ma ya canza, da sai a wuni ana yayyafi ƙasa na sha a hankali, yanzu a yi sati biyu ba ɗigo sannan cikin awa biyu a zubo shi kamar da bakin ƙwarya, ka ga ruwa jawur yana gudu da ƙasa. Ga masu tifa suna ta ɗibar yashi a gindin kwarin.

Masunci, Yamai: Kogin Isa (wato kogin Kwara) ma haka, da rani tudun yashi ne a tsakiya, akwai inda sai ka sauka ka tura kwalekwale. Koramu ke kawo shi daga tudun da aka sare wa itace. A 2020 ruwa ya fasa shingen da ke tare kogin ya shiga unguwanni, mun kwana a makaranta.

Baba Manomi, Maradi: Yarana mu abin da ya taimake mu, ramukan rabin wata da jera duwatsu a kan gangare, sannan in muna sharar gona ba mu sare tohon gawo da kalgo, gyara su muke su girma. Ruwa na tsayawa, ƙasa na zama.

Ɗan Fadama, Hadejia: Na gode Baba. Toh wanda yashi ya riga ya hau gonarsa fa, kwashe shi ake yi ko taki ake zubawa a kai? Kwashewar nan kuɗin lebura ya fi ƙarfina.