Autanmu yana so ya kai Inna Yamai a ƙaramin jirgi, in bari?

Ɗan Mokoyo: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman wurin wanda ya taɓa shiga ƙaramin jirgi ko ya taɓa shatarsa. Tsakiyar Janairu za a ɗaura auren ɗiyar yayanmu a Yamai. Innarmu ta rantse sai ta je, don ita ta riƙe yarinyar tun daga yaye. Shekararta 76, ga ciwon ƙugu, ko Tibiri muka kai ta a mota sai ta kwana biyu ana mata gashi. Maradi zuwa Yamai kuwa kilomita 660 ne, kar in ta tashi da asuba sai la'asar sakaliya.

Autanmu yana aiki can Yamai. Ya koyi tuƙin jirgi a Afirka ta Kudu, yana da lasisin masu tuƙa wa kansu, awarsa 70 da 'yan kai a sama. Wani abokinsa na da Cessna 172 mai kujera huɗu, ya ce zai ara masa, mai kawai za mu zuba. Shirinsa ya zo ya ɗauki Inna da ni da maiɗakina, awa biyu da rabi muna Yamai, tunda ta sama kilomita 540 ne. Inna ta sayar da shanunta biyu a kuɗin karatun nan, kuma tun ranar ya yi mata alkawarin sai ya ɗaga ta sama da hannunsa. Ita ta ce ko a kwando ne, in dai auta ke ja, za ta shiga. Ni gabana ke faɗuwa. In bar shi, ko mu haɗa kuɗi mu yi shatar wanda ya fi girma da matuƙin kamfani? Nawa ake yi?

Mai Goro: Wa alaikumus salam. Ku saya mata kujera biyu a kar mai sanyi ta miƙe ƙafa. A Ƙonni ta sauka ta yi alwala, a Doso ta ci abinci. Haka nake wa tsohuwata.

Ɗan Mokoyo: Na gode Alhaji, amma ƙugun ne ba ya ɗaukar jijjiga. Ko kujera goma aka saya mata hanyar ɗaya ce.

Hajiyar Burja: Jirgi ba abin tsoro ba ne ɗana. Sau uku na sauke farali, ban da umara. Ku ba ta cingam ta tauna saboda toshewar kunne, ta yi addu'ar hawa abin hawa, ta zauna kusa da bayi. Shi ke nan.

Bagobirin Tibiri: Wai duk wannan ɗawainiya don a kai wa Zabarmawa amarya? Su turo jirgin mana, su da ke zaune bakin filin jirgin Diori Hamani. In ba su da shi ina da amalanke, jakina bai taɓa neman izinin sauka ba.

Ɗan Bagalam: Ɗan'uwa, da na ga ka rubuta Janairu sai da jikina ya yi sanyi. Bari in ba ka nawa, ka yi abin da ka ga dama da shi.

Shekara huɗu ke nan, cikin Janairu, ɓarin jikin Baba ya shanye bayan sallar isha. Muka kwana likita, da safe aka ce a kai shi Yamai, kuma aka ce in da hali kada a bi da shi ta mota. Ni ne babba, ni na yanke shawara. Wani da muke kasuwa tare ya haɗa ni da wani dillali, dillalin ya haɗa ni da masu jirgi. Miliyan 3 da jaka 200, a biya kafin jirgi ya motsa. Kafin azahar na sayar da kayan da ke hanya a kan faɗuwa, na ci bashin saura, na tura.

Ranar farko aka ce hazo. Na fito na duba, gaskiya ne, daga ƙofar gida ba ka ganin ƙarshen layi, rana kamar faranti. Muka haƙura. Rana ta biyu aka kira ni ƙarfe bakwai aka ce ya tashi. Muka ɗauko Baba a ambulan muka kai shi filin jirgi, muka zauna da shi cikin ƙurar nan, ƙannena mata na yi masa fifita suna kore ƙuda. Ƙarfe tara muka ji ƙugin injin a bisa kanmu. Wallahi mun ji shi, sau biyu ya kewayo. Ba mu gan shi ba, shi ma bai gan mu ba. Sai ƙarar ta yi nisa. Bayan awa biyu aka kira ni aka ce ya koma Yamai lafiya. Lafiya! Muka mayar da Baba gadon likita.

Rana ta uku na ce a bar zancen jirgi, muka kama hanya da ambulan ɗin da tun ranar farko take nan a ajiye. Mun wuce Dogon Dutsi kaɗan Allah ya karɓi abinsa, kansa bisa cinyata.

Na san kwana ne ya ƙare. Amma da na nemi kuɗina aka ce tashin da ya yi ya koma an ƙona mai, an biya matuƙi, awa huɗu ce a littafi. Dillali ya ce nasa la'ada ce, ba ta dawowa. Wata biyar ina bin su, abin da ya dawo hannuna bai kai miliyan ba. Har yau akwai ƙanina da ba ya cin abinci a gidana, yana cewa da tun daren farko muka bi hanya da Baba ya ga likitan Yamai. Ba ni da amsar da zan ba shi.

Hajiyar Burja: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Baba, ya sa can ta fi nan.

Mai Goro: Allah ya gafarta masa. Amma miliyan 3 an cuce ka. Maƙwabcina ya shiga irin wannan daga Damagaram zuwa Yamai, jaka 200 ya biya.

'Yar Sabon Gari: Jaka 200 kujera ce ya samu a jirgin da dama zai koma wofi, ba shata ba. Mu da muka tambaya bara don kai gawar kawunmu Agadas, miliyan 5 aka ce muna, muka fasa.

Mai Goro: Agadas da ta fi kusa ta sama ta fi Yamai tsada? Wannan lissafi na wane gari ne?

Tsohon Ma'aikacin Fili: Lissafin daidai ne Alhaji. Da awa ake biya, kuma jirgin ba Maradi yake kwana ba. Zuwansa wofi daga Yamai kai za ka biya, komawarsa gida ma kai ne. Ga kuɗin sauka, ga kwanan matuƙi in ya kwana.

Ɗan Bagalam, Allah ya jiƙan mahaifi. Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa: matuƙin da ya juya ya yi daidai. Na yi shekara 26 ina kallon jirage na sauka cikin hunturu. Wanda bai ga titi ba ya ce sai ya sauka, shi ne ake zuwa tsinta a gonar mutane.

Ɗan Mokoyo, babu wanda ya taɓo tambayarka. Hajiya, 172 ba ta da bayi, cikinta bai fi na ƙaramar taksi ba. Kujera huɗu kuma ba mutum huɗu da kaya ba ne. Abin da take iya ɗauka duka, mai da mutane da jaka, wajen kilo 400 ne. Tanki in ya cika lita 200 ne, ya cinye kusan kilo 145. Ya rage 255. Ku hau sikelin masu hatsi ku huɗu ka gani. Kayan biki kuwa ka manta da su, ko turmin atamfa sai an auna. Na biyu, ba kananzir take sha ba irin na manyan jirage, wani fetur ne shuɗi, Avgas, ba kowane fili ake samunsa ba. Ya tabbatar tun yana Yamai ko zai iya ƙari a nan. Na uku, lasisin nan da ido ake tuƙi da shi, ana son ganin kilomita 5 gaba. A Janairu akwai ranar da ko ɗaya ba ka gani. Sannan ya leƙa ANAC, hukumar kula da jiragen sama ta Nijar, ya ji takardun da ake nema yanzu, don tun da aka rufe sararin sama a Agustan 2023 aka sake buɗewa a Satumba, ba a tashi da ka.

Ɗan Bagalam: Malam, kai kallo ka yi shekara 26, albashinka na shiga ko jirgi ya sauka ko bai sauka ba. Ni na biya. Kada ka koya mini daidai.

Tsohon Ma'aikacin Fili: Ban ce kuɗinka sun halatta gare su ba. Matuƙi daban, masu karɓar kuɗi daban.

Ɗalibin Tuƙi: Baba Tsoho, da girmamawa, lissafin nauyinka ya tsallake abu ɗaya. Ni ina koyo a kwalejin Zariya ta Najeriya, wadda ke horar da matuƙa tun 1964. Kafin ya iso Maradi ya ƙone kusan rabin man, don tana shan lita 30 da wani abu a awa. Ke nan lokacin ɗaukar su nauyi ya ragu da kilo 60 zuwa 70, mutum huɗu marasa ƙiba za su shiga. Iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take, a komawa bayansa za ta tura. Doka ba ta hana shi ɗaukar iyalinsa ba, kuɗin haya ne ba ya karɓa, kuma sai ya yi tashi da sauka uku cikin kwana 90 na baya. Awa 70 ba wasa ba ne, da 45 ake ba da lasisin a Afirka ta Kudu. In kowa ya ce sai mai awa dubu, wa zai kai dubun?

Tsohon Ma'aikacin Fili: Yaro, ka gyara nauyi ka ɓata mai. Ya isa Yamai da ɗan abin da ya rage a tanki, ya tarar hazo ya rufe, ina zai nufa? Da tsohuwa a baya tana salati, yayansa na riƙe masa kafaɗa? Ya kai dubun da buhun gero a kujera, ba da mahaifiyarsa ba. Sannan a can ya koya, ya taɓa tuƙi cikin hunturunmu ko sau ɗaya?

Hajiyar Burja: To ni da na hau sau bakwai ba a ji tawa, sai ta wanda bai gama makaranta ba da wanda bai taɓa barin ƙasa ba. Kuma jirgin da ba bayi ai ba jirgi ba ne.

Bagobirin Tibiri: Hajiya, amalankena ma ba bayi, amma ana tsayawa duk inda aka matsu. Ɗalibi, ku kuna tsayawa?

'Yar Sabon Gari: Yaya Ɗan Mokoyo, ni abin da na gani, alkawarin auta bai ce Yamai ba, ya ce sama. Ya zo bayan damina, sararin Allah garau, da sassafe kafin ƙasa ta yi zafi jirgi ya fara tsalle, ya kewaya da ita bisa gari da tafkin Madarumfa minti 20 ya sauke ta. Wata ƙawata mijinta ya yi wa 'ya'yansu haka a ƙasar waje, ƙaramin ya yi amai a leda, amma har yau zancen suke.

Ɗan Mokoyo: Wannan ta shige ni ƙanwata, sai dai ba ta kai Inna wurin biki ba. Na karanta wa auta maganar mai, ya yi shiru, ya ce zai kira ni da dare. Har yanzu dai ba wanda ya faɗa mini kuɗin shatar mai kujera tara ɗin nan, Caravan, in mu tara ne muka raba.

Mai Goro: Miliyan ɗaya da rabi, ba ta wucewa.

'Yar Sabon Gari: Alhaji, ɗazu jaka 200 ka ce.

Ɗan Kasuwar Dole: Ni abin da ke ƙona mini rai daban ne. Gari kamar Maradi, da ake kira cibiyar kasuwancin ƙasa, a ce mutum na lissafin aron jirgi don kai tsohuwa biki? A 2015 lokacin bikin ranar Jamhuriya na Maradi Kwalliya na ga jirage na sauka suna tashi, na ce mun tsira. Ni dai sau biyu na sayi tikiti, sau biyu ana ɗagawa, na ƙare a kar. Amma fararen jiragen nan ina ganinsu suna sauka abinsu.

Tsohon Ma'aikacin Fili: Waɗannan na UNHAS ne, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke tafiyar da su don ma'aikatan agaji. Ba a sayar wa kowa tikiti.

Ɗan Kasuwar Dole: Na sani, ba su nake zargi ba. Alhazan garin nan nake tambaya. Mutum ɗaya na da tirela 40, amma a haɗa hannu a ajiye jirgi ɗaya a Maradi ya gagara.

Ɗan Bagalam: Su haɗa hannu? A kasuwa ko rumfa ba su yarda su haɗa ba. Ranar da nake neman miliyan 3 ɗin nan ƙofa bakwai na buga.

Mai Goro: Ku bar jirgi, hanyar ma fa? Makon jiya sau nawa aka sauke mu duba takardu tsakanin nan da Doso, na daina ƙirga a na shida. Wata tsohuwa kusa da ni katinta ya jiƙe a wanki, sai da muka yi mata karo-karo.

Hajiyar Burja: Af, ka tuna mini. Ɗan Mokoyo, katin Inna bai mutu ba dai? Nawa wata uku ina jiran sabo.

Ɗan Kasuwar Dole: Wata uku kaɗai? Hajiya, ke 'yar gata ce. Nawa tun kafin azumi, duk zuwa sai a ce in dawo Litinin.