Allon fenti ko banar talla, wanne ya fi dacewa da shago?

Telar Tudun Wada:
Salam jama'a, don Allah shawara nake nema. Na buɗe shagon ɗinki kusa da Kasuwar Barci, banar da aka buga min ko shekara ba ta yi ba rana ta cinye kalar, iskar damina kuma ta yage gefe ɗaya. Har yanzu akwai masu rubutun allo da hannu kuwa?

Ɗan Rigasa:
Hajiya akwai su mana. Ki samu falle na kwano ko katako mai kyau, a goge shi da samfefa a fara shafa fentin ƙasa, wato shafin farko, ya bushe tukuna, sannan mai zanen zai ja layi da zare da alli ya ɗora harufa da buroshi. Amma fa ki nace fentin mai, na ruwa ba ya jure damina.

Baba Mai Aski:
'Yata, allon shagona ya girmi ɗana na fari. Ina tsaye mutumin ya zana kawuna huɗu kowanne da irin askinsa, hannun nan ko rawa ba ya yi, yana riƙe numfashi in zai ja lanƙwasa, wallahi har yau wanda bai iya karatu ba ma yana gani ya san aski ake yi.

Telar Tudun Wada:
Na gode Baba. Keken ɗinki zan sa a zana min, da sunan shagon a boko da ajami.

Ɗan Rigasa:
Ki rubuta masa kalmomin a takarda, ki duba kafin ya sa fenti.