Me ya sa ruwan zinaren da na haɗa ya koma shuɗi maimakon ja?

Ɗaliba, Kawo:
Assalamu alaikum. Ina shekarar ƙarshe a sashen kimiyyar sinadarai, kuma aikin bincikena shi ne haɗa ƙananan ƙwayoyin zinare ta hanyar da masanin kimiyya Turkevich ya fito da ita a 1951, wato a tafasa ruwan gishirin zinare sannan a zuba masa sodiyam sitiret. An ce ruwan zai tashi daga rawaya ya koma ja kamar zoɓo, amma sau biyu ke nan nawa yana ƙarewa da shuɗi mai duhu, washegari kuma in tarar da baƙin gari ya kwanta a gindin kwalba. Malamai, ina kuskuren yake?

Malami mai ritaya, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, 'yata. Launin nan shi ke gaya miki girman ƙwayoyin. Idan faɗinsu bai wuce nanomita 10 zuwa 20 ba (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), suna shanye koren haske mai tsawon zango wajen nanomita 520, sai ido ya ga ja. Da zarar sun dunƙule wuri ɗaya kuwa, hasken da suke shanyewa ya karkata zuwa ja, ruwan ya yi shuɗi. Sitiret aiki biyu yake yi: yana mayar da gishirin zinaren zuwa ƙarfen zinare, sannan ya lulluɓe kowace ƙwaya da caji iri ɗaya, wanda ke sa su ture juna. Ɗan wani gishiri kaɗan da ya zo a cikin ruwan da aka yi aikin da shi ya isa ya raunana ƙarfin wannan cajin, sai ƙwayoyin su dunƙule. Don haka, da wane ruwa kika yi aikin? Kuma an wanke kwalaben da akwa rejiya, wato haɗin asid mai ƙarfi da ke narkar da zinare, ƙarƙashin kulawar malaminki, ko da Omo kawai aka cuɗa su?

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Barnawa:
Ina goyon bayan Malam. Ƙari a kai, ki zuba sitiret ɗin gaba ɗaya lokacin da ruwan ke tafarfasa kina juyawa, ba ɗigo-ɗigo ba, kuma kada ya yi kaɗan, domin tun 1973 wani masanin kimiyya mai suna Frens ya nuna cewa raguwar sitiret tana ƙara girman ƙwayoyin. Duhun da ke bayyana a mintunan farko ba matsala ba ne, yana washewa. Ki riƙa rufe bakin kwalba, musamman yanzu da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina.

Mai kantin magani, Unguwar Rimi:
Ƙanwata, kada ki karaya. Jan layin da ke fitowa a yawancin tsinken gwajin maleriya da na juna biyu da muke sayarwa, irin ƙwayoyin nan ne aka liƙa wa sinadaran da ke kama alamar da ake nema. Ruwan zinaren da masanin kimiyya Faraday ya haɗa a Landan, wanda ya yi bayaninsa a 1857, har yau yana nan da jansa.

Ɗaliba, Kawo:
Allah ya saka da alheri. Malam, ka gano ni: tataccen ruwanmu ya ƙare a makon, sai na yi amfani da na leda. Gobe da safe zan sake gwadawa da tataccen ruwa da wankakkun kwalabe, zan kuma sanar da ku launin da ya fito.