Waɗanda suka taɓa zama a Msinga, ku ba ni labari

Ɗan Gaya: Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Afirka ta Kudu. Ina karatun kiwon dabbobi a Pietermaritzburg, kuma za a tura ni ƙaramar hukumar Msinga wata uku, aikin bincike kan awaki. Abin da na gani a takarda: ƙidayar 2011 ta ba su mutum 177,577, kusan dukansu Zulu, kuma a lokacin hukumar ƙididdiga ta sa su a kan gaba wajen talauci a ƙasar. Wanda ya zauna can ya faɗa min yadda zaman yake.

Likita Baban Hauwa: Wa alaikumus salam ƙanena. Shekara biyu na yi aiki a yankin. Abin da zai fara ɗaure maka kai shi ne rashin maza. Magidanta suna Johannesburg da Durban neman kuɗi, sai Disamba ko Ista suke leƙo gida. Kusan gida biyu cikin uku mace ce ke riƙe da shi, sau da yawa kaka, wadda suke kira gogo.

Akwai wata tsohuwa mai hawan jini da nake dubawa. Na lura tana tsallake ranar da na ba ta, sai farkon wata take zuwa. Da na yi mata faɗa ta bakin ma'aikaciyar jinya, sai ta kwance bakin zane ta nuna min canjin da ya rage. Jikoki biyar ke gabanta, kuɗin mota sai ranar da tallafin tsofaffi ya shigo, shi ya sa take haɗa asibiti da cefane a tafiya guda. Kunya ta kama ni. Daga ranar na koma tambayar ranar karɓar kuɗi kafin in rubuta ranar dawowa. A 2024 tallafin tsoho ya ɗan haura rand 2,000 a wata, na yaro kuwa 530. Da wannan gidaje da yawa ke tashi, da shi suke kwana.

Ka kuma kula da tari. A Tugela Ferry, wani gari a cikin Msinga, aka gano tarin fuka mai bijire wa magunguna a 2005, mutum 53 aka samu da shi, 52 suka rasu. An yi aiki sosai tun lokacin, amma in ka shiga motar haya ka buɗe taga.

Alhaji Na-Durban: Likita ya yi gaskiya, sai dai ni a-kori-kura nake cikawa da barguna da takalma in bi hanyar R33, daga Greytown zuwa Keate's Drift, Tugela Ferry, har Pomeroy. Ranar biyan tallafi garin ba masaka tsinke, kwana huɗu bayan nan sai ka rantse an yi gudun hijira. Amma kada alƙaluma su ruɗe ka. Na ga matar da ta roƙi ragin rand goma, yaron shagona ya ce awakinta sun fi talatin. Akuya a wurinsu ta al'ada ce da yanka wa kakanni, ba a sayarwa sai ta ɓaci. Wanda ya zo ƙidaya albashi yake tambaya, ba ya leƙa garke.

Maman Sadiq: Alhaji, akuya ba ta zama ruwa ai. Wata bakwai na yi a wani ƙauye kusa da Pomeroy lokacin da maigida ke aikin hanya. Famfo na nan a bakin titi, sabo fil, ko ɗigo babu. Yara mata ke tura jarkoki a baro zuwa rafi. Motar ruwa in ta zo wannan mako, sai a yi biyu ba a gan ta ba. Ga kogin Tugela yana wucewa, ga gonakin ban-ruwa kore shar a bakinsa, tumatir da kabeji da ɗanyar masara, amma hau tudu kaɗan sai duwatsu da ƙaya.

Malam Mai Lissafi: Hajiya, nan ne tsarin ke rikita baƙo. Ruwa ba aikin Msinga ba ne, na gundumar uMzinyathi ne, mai hedikwata a Dundee. Kansila shi ke shan zagi, alhali famfon ba a hannunsa yake ba. Sannan yawancin filayen Msinga suna ƙarƙashin Ingonyama Trust, hukumar riƙon amanar filayen gargajiya da aka kafa a 1994, sarkin Zulu ne ke riƙe da amanar. Talaka ba shi da takardar mallaka, harajin gida da ake tarawa bai taka kara ya karya ba, don haka majalisar Msinga ta dogara da kason da gwamnatin ƙasa ke turowa. Jam'iyyar Inkatha (IFP) ce ta daɗe tana riƙe da ita. A takarda kansila ne hukuma, amma fili da shari'ar iyaka da satar dabba, wajen inkosi da indunansa ake kaiwa, kamar dai hakimi da masu unguwa. Ni na fara da ofis, na nuna takardar jami'a mai tambari, na shiga ƙauye. Kwana uku ba wanda ya amsa min tambaya ɗaya, sai da aka kai ni gaban induna na yi gaisuwa.

Ɗan Gaya: Allah ya saka da alheri. To abinci fa, Hajiya?

Maman Sadiq: Uphuthu da amasi, ɗana. Kamar dambun masara ne da kindirmo, zai zauna maka. Nama kuwa ka sayi kazarka ka yanka da hannunka. Ka tafi da yaji daga Pietermaritzburg, da jarka biyu, kuma ka iya cewa sawubona, wato sannu da Zulanci, kafin ka taɓa akuyar kowa.