"Hali zanen dutse": a auna ta da rayuwar mashahuran mutane

Malam Habibu: Jama'a, ina da ja a kan wannan karin magana. Ku dubi Nelson Mandela. A 1961 yana cikin waɗanda suka kafa Umkhonto we Sizwe, reshe mai ɗauke da makamai na ANC, jam'iyyar da ta yaƙi wariyar launin fata a Afirka ta Kudu. Ya fito daga kurkuku a 1990 bayan shekara 27, sai ga shi yana zaman sulhu da waɗanda suka ɗaure shi, har F. W. de Klerk, shugaban ƙasa na ƙarshe a mulkin wariyar, ya zama ɗaya daga mataimakansa da Mandela ya hau mulki a 1994. In hali ba ya kankaruwa, wannan fa?

Hajiya Rabi: Allah ya gafarta Malam, hanya ce ta sauya, halin yana nan. A 1985 Shugaba Botha ya ce zai sake shi muddin ya yi watsi da gwagwarmaya da makami. Ya ƙi, 'yarsa Zindzi ta karanta amsarsa a gaban taro a Soweto, ya ƙara shekara biyar a tsare. Wannan mutumin dai shi ne ya soma magana da gwamnati a asirce ba tare da ya shawarci abokan ɗaurinsa ba, don ya san za su hana shi. Mutum ne da in ya ga abu daidai ne, ba mai tanƙwara shi, abokin gaba ne ko na gida. Kafiyar da ta kai shi yaƙi ita ta kai shi sulhu. Zanen ke nan da ake faɗa.

Nura: Hajiya, in haka ne ai ba ranar da maganar za ta faɗi, kowane sauyi sai a ce ra'ayi ne. Malcolm X, ɗan gwagwarmayar baƙar fata na Amurka, ya shekara da shekaru yana wa'azin cewa farar fata shaiɗanu ne. Ya je Hajji a 1964, ya ci abinci tare da Musulmi farare, ya dawo ya janye maganar a bainar jama'a.

Hajiya Rabi: Ɗana, wanda ya iya tsayawa gaban mabiyansa ya warware maganarsa, ai rashin tsoron nan ne da aka san shi da shi tun farko.

Malama Asabe: Ni abin da ke damuna yadda ake amfani da ita ne. Da wuya ka ji an faɗe ta a kan mai kirki. Sai wani ya koma ga laifinsa a ce "hali zanen dutse", a rufe masa ƙofar tuba. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan.

Malam Habibu: Akwai kuma wata matsalar. Mu daga nesa muke hango su, abin da sana'a ta sa su nuna shi muke ɗauka hali. Ɗan damben Amurka Muhammad Ali ya yi suna da cika baki, amma da bakinsa ya ce wajen ɗan kokawa Gorgeous George ya ga yadda fariya ke cika fili da 'yan kallo. Mai son sanin halinsa ya duba 1967, da ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam. Aka ƙwace kambinsa na zakaran duniya, ya fi shekara uku bai hau dandalin dambe ba, yana tsakiyar ƙarfinsa.

Hajiya Rabi: To Malam, ai ka dawo wajena. Ali ya sake karɓar kambin a Kinshasa a 1974 da ya kayar da George Foreman, kuma bai taɓa janye matsayinsa kan yaƙin ba.