Dawo da Yaro Sashen Gaggawa Bayan Sallama

Da aka tattauna batun yaran da ake dawowa da su sashen gaggawa cikin awa 72 da sallamarsu, an yarda cewa ba kullum laifin likita ba ne, domin zazzaɓi da gudawa kan rikiɗe cikin dare ɗaya.

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce kada a sallami yaro sai uwarsa ta maimaita da bakinta alamomin da za su sa ta dawo nan take, wato ƙin nono ko ruwa, amayar da duk abin da ya sha, jijjiga, ko barcin da ake kasa tayar da shi. A kuma nuna mata yadda za ta ɗaga rigarsa ta ƙirga numfashinsa na minti guda; idan ya kai 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, kada ta jira wayewar gari. A ganina wannan ya fi takardar da ake miƙa wa wadda ba ta iya karatu ba.

An kuma ja kunnen iyaye su kammala maganin zazzaɓin cizon sauro na kwana 3, ko da jikin yaron ya yi sanyi.