Yaya za mu karrama masu aikin sa-kai a kulob ɗin jirgin ruwa mai tafiya da iska na masu nakasa?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga waɗanda suka san harkar Sailability a nan Ingila, wato shirin da RYA, hukumar wasannin jiragen ruwa ta Birtaniya, ke kula da shi don masu nakasa su samu damar tuƙa ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska. Kulob ɗinmu yana bakin wani tafki, jirage shida ne da mu samfurin Hansa 303, da jirgin ceto ɗaya, da masu aikin sa-kai kusan talatin. Kakar tuƙi tana ƙarewa a watan Oktoba, kwamiti kuma ya ware fam 400 don a karrama masu taimakon. Ra'ayi ya rabu. Wasu sun ce a fitar da gwarzo ɗaya a ba shi kofi, wasu sun ce a raba wa kowa katin sayayya, wasu kuma suna so a tura suna zuwa RYA don neman lambar yabo. Wanne ya fi? Kuma da wane ma'auni ake zaɓe ba tare da an ɓata wa wani rai ba?

Ɗan Tafki:

Wa alaikumus salam Malama. Kafin maganar kofi, ku fara da lissafa ayyukan da sai an yi su jirgi yake sauka ruwa. Idan aka ce mutane su kaɗa ƙuri'a haka kawai, wanda yake zama cikin jirgi tare da mai tuƙi shi zai ci kowace shekara, domin shi ake gani, shi ne a hoto, shi ake hira da shi a kan ruwa. Alhali kafin ya zauna ɗin an riga an yi aikin awa biyu.

Mai kula da na'urar ɗaga mutum shi ne na farko da ake mantawa. Ita ce ƙugiyar da ke kafe a dandamalin bakin ruwa, wadda ake ɗauko mutum da ita daga keken guragu a sauke shi cikin jirgi. Mutum biyu ake so a kanta a ƙalla, ɗaya yana sarrafa ta, ɗaya yana riƙe da jirgin ya manne da dandamali yana kuma lura da ƙafafun wanda ake saukewa. Majanyin da ake ɗaukar mutum da shi girma-girma ne. Idan ya yi wa mutum yawa zai iya zamewa ta ƙasa, idan ya yi kaɗan zai matse cinya da hammata, kuma mai raunin laka ba lalle ya ji zafin ba, sai daga baya a ga fata ta yi rauni. Dokar LOLER ta 1998 ta ce duk na'urar da ake ɗaga mutum da ita, har da majanyinta, sai ƙwararre ya duba ta sosai duk wata shida. Akwai wani a kulob ɗinku da yake riƙe da wannan takarda yana tuna ranar. Ku nemo sunansa.

Sai mai haɗa jirgi da safe. Hansa 303 ba ya kifewa da sauƙi saboda allon nauyi da ke ratsa tsakiyarsa zuwa ƙarƙashin ruwa, kusan kilo 30. Amma sai an sauke shi har ƙasa an sa masa fil ɗin da ke kulle shi. In aka manta fil ɗin, iska mai ƙarfi ta kwantar da jirgin, allon zai iya zamewa ya koma ciki, nauyin da ya kamata ya miƙar da jirgin ya tafi ke nan. Shi dai wannan mutumin ne yake naɗe ƙyallen iska a jikin sanda don rage faɗinsa idan iska ta tashi, shi ne yake caja batirin jiragen da ake tuƙawa da lantarki.

Sai direban jirgin ceto. Yawanci ana neman ya riƙe takardar RYA ta tuƙin jirgi mai inji mataki na biyu, wasu kulob ɗin ma har da kwas ɗin ceto. Zai yi awa huɗu a cikin sanyi, igiyar kashe inji ɗaure a ƙafarsa, idan ranar ta yi kyau babu abin da zai yi. Shi ya sa ba a tuna shi.

Ga kuma mai tsara jadawali, da mai bin takardun binciken DBS na tantance ko mai aikin sa-kai yana da tarihin laifi, da mai shayi, da masu gyaran jirage cikin hunturu lokacin da babu kowa a wurin. Kada a raina gyara. A watan Yunin 2022 wani jirgi mai inji da aka ƙera don ɗaukar kekunan guragu ya kife a tafkin Roadford da ke Devon, mutum biyu suka rasu. Binciken hukumar haɗurran jiragen ruwa ya gano cewa ruwa yana shiga ta robar ƙofar gaban jirgin saboda ba a kula da ita yadda ya kamata ba. Robar ƙofa, abin da ba wanda zai tafa wa wanda ya canza ta.

Shawarata: ku ɗauko littafin sa hannu na kakar nan, ku fitar da kwanakin kowa da aikin da ya yi, sannan ku yi karramawar bisa rukunin aiki: ta dandamali, ta ceto, ta gyara, ta cikin jirgi, ta ofis. Gwarzo ɗaya cikin mutum talatin yana nufin mutum 29 sun koma gida hannu rabbana.

Hajiya Turai:

Ni batun katin sayayyar nan nake so in ja miki kunne a kai, ƙanwata. A Birtaniya, abin da doka ta yarda a ba mai aikin sa-kai ba tare da wata matsala ba shi ne a mayar masa da ainihin kuɗin da ya kashe, kamar na mai ko na bas, da rasit. Da zarar an fara ba shi kuɗi ko abin da ya yi kama da kuɗi a kai a kai, har ya zama yana sa rai, to ana iya ɗaukarsa a matsayin lada, daga nan sai maganar haraji da mafi ƙarancin albashi ta shigo, in ma yana karɓar tallafin gwamnati a tambaye shi. Ƙaramar kyauta sau ɗaya wadda ba a yi alkawarinta ba ba ita ce damuwar ba. Damuwar ita ce a ce "duk wanda ya cika kwana ashirin yana da katin fam kaza". Wannan ya zama ciniki. In kulob ɗin yana da rajistar ƙungiyar agaji, ma'aji ya tabbatar ba daga kuɗin da aka ba ku don sayen jirgi ko rigunan ruwa za a ciro fam 400 ɗin ba, domin kuɗin da mai bayarwa ya ƙayyade wa aiki ba a karkatar da shi.

Da ni ce, kashi uku zan yi wa kuɗin. Abinci na kowa da kowa, a ɗakin da keken guragu zai shiga ya juya, da ban ɗakin da ya dace. Takardar yabo ga kowane mutum, wadda aka rubuta aikinsa na ainihi a kai, ba "saboda gudunmawarsa" ba. Abin da ya rage a biya wa mutum ɗaya ko biyu kuɗin kwas, na taimakon gaggawa ko na jirgin ceto. Horon da ya shafi aikin da mutum yake yi wa kulob ba a ɗaukarsa lada, kuma matasa sun fi son sa a kan kofi nesa ba kusa ba, saboda takarda ce da za ta yi musu amfani gaba.

Ranar da za a sa: 3 ga Disamba ita ce ranar masu nakasa ta duniya, 5 ga Disamba kuma ranar masu aikin sa-kai, duka na Majalisar Ɗinkin Duniya. Asabar ɗin da ta fi kusa da su ta yi daidai, jirage sun riga sun shiga rumfa.

Baban Walid:

Na yarda da Ɗan Tafki a kan littafin sa hannu, amma ƙirga kwanaki kaɗai yana da nasa zaluncin. Ɗan fansho zai iya zuwa kowace Laraba da Asabar. Ma'aikaciyar jinya da ke zuwa sau ɗaya a wata, wadda ita ce ta koya wa kowa yadda ake gane mai raunin laka idan jininsa ya hau farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, fuska ta yi ja, gumi daga saman inda raunin yake, ita ba za ta taɓa kamo shi a lissafi ba. Wannan matsala tana samun waɗanda rauninsu yake daga tsakiyar ƙirji zuwa sama, kuma abu kaɗan kamar ɗaurin da ya matse ko robar fitsari da ta lanƙwashe yana iya tayar da ita. Wanda ya san a zaunar da mutum a miƙe, a sassauta duk abin da ya matse, a duba robar, a kira motar asibiti in bai sauka ba, ya cancanci a ambace shi ko sau biyar ya zo. Saboda haka kwanaki su zama rabin ma'auni, sauran rabin a tambayi masu tuƙin su kansu.

Tambayar ma da yadda ake yin ta. Takarda ɗaya ba za ta wadatar ba. A yi mai manyan haruffa, a yi mai sauƙin karatu da hotunan fuskokin masu taimakon don masu lalurar koyo, a bar wanda yake so ya faɗa da baki ko ya turo saƙon murya. Kada wanda yake cikin takarar ya zama shi ne mai karɓar amsa. Kuma a tambayi abu takamaimai: wa yake tambayarka kafin ya taɓa kekenka? Wa yake barin sandar tuƙi a hannunka ko da ka yi kuskure? Tambaya ta biyun nan tana da nauyi, domin babban aibin mai taimako a cikin jirgi shi ne ya karɓe tuƙin da zarar ƙyalle ya fara kaɗawa, sai a wayi gari mutum ya yi kaka guda ana yawo da shi a ruwa bai koyi komai ba.

Wani abu kuma, kada a raba jama'a gida biyu, masu taimako da waɗanda ake taimaka wa. A kulob da yawa masu nakasar ne da kansu suke koyarwa, suke riƙe da rediyo a bakin ruwa, suke zama a kwamiti. Su ma a sa su cikin waɗanda za a karrama.

A jawabin ranar, a kiyaye harshe. Ban da "bayin Allah marasa galihu", ban da labarin ciwon wani a gaban jama'a. Matuƙa ne. Wasan tuƙin nan ya kasance cikin gasar Paralympics ta masu nakasa daga Sydney a 2000 har Rio a 2016, kuma Hilary Lister, wadda ba ta iya motsa komai daga wuya zuwa ƙasa, ta tsallake mashigin ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa ita kaɗai a 2005, tana sarrafa jirgi ta hanyar zuƙa da hura iska a bututu. Hoto kuma ba a sa shi a Facebook sai da izinin mai shi, ko na waliyyinsa.

Maman Ilham:

Allah Ya saka da alheri. To batun tura suna waje fa? Ya cancanci wahalar?

Ɗan Tafki:

Ya cancanta Malama, kuma ba ya cin ko kwabo cikin fam 400 ɗin. RYA tana da lambobin yabo na masu aikin sa-kai duk shekara, Gimbiya Anne ce shugabar hukumar kuma ita ta saba miƙa su a Landan. A cikinsu akwai lambar Francis Elkin, wadda aka keɓe wa wanda ya ba da lokacinsa da ƙarfinsa don masu nakasa su shiga harkar tuƙi. Akwai ta wanda ya daɗe yana hidima, akwai ta matasa. Ana rufe karɓar sunaye watanni kafin bikin, don haka a fara tara bayani tun cikin hunturu.

Idan kulob ɗin gaba ɗaya ake so a karrama, akwai lambar Sarkin Birtaniya ta aikin sa-kai, wadda aka kafa a 2002 da sunan Sarauniya Elizabeth. Ƙungiya ake ba, ba mutum ɗaya ba. Sai ta kai shekara uku tana aiki, masu sa-kai ne ke jan ragamarta, kuma wani na waje ne zai gabatar da ku tare da wasiƙun goyon baya guda biyu, sannan wakilan Sarki na yankin su zo su gani da ido.

Inda takardun gabatarwa suke faɗuwa shi ne yabon baki. "Mutumin kirki ne, ba ya gajiya" kowa haka ake rubuta masa. Ku rubuta shekarar da ya fara, aikin da yake riƙe da shi, mutum nawa ya horar, me ya canza da zuwansa. Misali, a da ba ku iya karɓar wanda ba ya tashi daga keke, shi ya nemo kuɗin na'urar ɗagawa, ya koya wa mutum takwas aiki da ita, yanzu matuƙa kaza suna sauka ruwa ta dalilinta. Ku haɗa da gajeriyar magana daga bakin matuƙi ɗaya ko biyu, da izininsu.

Hajiya Turai:

Ƙari kaɗan. Ku tambayi mutum a asirce ko yana son a kira shi gaban taro. Akwai masu yi don Allah da ba sa son a ambace su, akwai kuma waɗanda tsayuwa gaban jama'a yake tayar musu da hankali. Irin waɗannan a kai musu takardarsu hannu da hannu, shugaban kulob ya sa hannu da biro. Sannan ku buɗe fayil ku rubuta wanda aka karrama bana da rukuninsa, don kwamitin baɗi ya san inda aka tsaya.